Dalma, Mazubi da Kwanso: Tarihin Zubin Harsashi a Zamanin Bindiga Mai Liba a Amurka

1.0 Gabatarwa

Kalmar harsashi baƙuwa ce a Hausa. Daga Larabci ta shigo, daga kalmar rasas, wadda ma'anarta ta asali ita ce dalma, kafin daga baya ta ɗauki ma'anar abin da ake harbawa da bindiga. Ita ma kalmar albarushi daga Larabci take, daga al-barud, watau garin nan mai kama wuta. A da, abubuwa biyu kalmomin suke nufi, domin mai bindigar toka mazubin albarushinsa daban, jakar harsashinsa daban. A yau kuwa mai sauraren rediyo zai ji an ce an kama alburusai ɗari biyar, gobe a ce harsasai, alhali kuwa abu guda ake nufi. Wannan cuɗanya ta ma'ana tana da dalili. Sawu ne da wani babban sauyi na ƙarni na 19 ya bari a cikin harshe, sa'ad da aka haɗe dalma da albarushi da abin kunna su a cikin kwanso ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin abin da sauyin nan ya jawo wa mai bindiga a Amurka, inda ya fi bayyana a tarihin bindigogin Winchester masu liba. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa harsashin masana'anta ya ba mai bindiga sauri, amma ya karɓe masa 'yancin dogaro da kai, kuma sana'ar zubin dalma da sake cika kwanso ita ce hanyar da ya bi don ƙwato wani abu daga cikin 'yancin nan.

Don kauce wa ruɗani, a nan harsashi na nufin abin gaba ɗayansa. Dunƙulen dalmar da ke fita daga bakin bindiga za a kira shi ƙwaya. Gwangwanin da ke riƙe da komai shi ne kwanso. Ɗan sinadarin da ke ba da tartsatsi in an doke shi kuwa za a ara masa sunan ƙyastu. Ita kuma liba, wani mariƙin ƙarfe ne a ƙarƙashin bindiga, bayan kunama, wanda in aka yi ƙasa da shi sai ya tofar da kwanson da aka harba, in aka maido shi sama sai ya ɗura sabon harsashi.

2.0 Kafin Zuwan Kwanso

Dalma ta zama ƙarfen harbi ne saboda halaye uku. Tana da nauyi, don ta ninka ruwa fiye da sau 11. Tana da taushi, ba ta cin bututun bindiga. Sa'an nan tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salsiyus, wanda garwashin murhu ma yana kai wa. Saboda haka mai bindiga ba ya bukatar maƙera ko zugazugi. Ludayin ƙarfe da ɗan mazubi mai kama da awartaki sun ishe shi.

Amurka kuwa Allah ya hore mata dalma. Tun a 1788 wani Bafaranshen Kanada mai suna Julien Dubuque ya sami izinin haƙar ta daga ƙabilar Meskwaki a gaɓar kogin Misisipi. Garin Galena na jihar Illinois ma sunan dutsen dalma ya ci, watau irin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. Jihar Misuri ita ma ta shahara da ramukan dalma.

Misalin da ya fi nuna dabarar mutanen wancan zamani shi ne na ayarin Lewis da Clark, wanda ya ratsa nahiyar zuwa Tekun Fasifik tsakanin 1804 da 1806. Sun zuba albarushinsu ne a cikin tuluna na dalma da aka toshe bakinsu. Kowane tulu nauyinsa laba 8, yana ɗauke da albarushi laba 4. Ruwa ba ya shiga, in kuma albarushin ya ƙare sai a narka tulun a yi ƙwayoyi. Mai irin wannan guzuri yana iya shekara bai waiwayi kanti ba. In dalma ta yi ƙaranci, sai ya tono ƙwayar daga jikin naman da ya harba, ya sake narka ta.

3.0 Harsashin Henry da Dogaro ga Masana'anta

A 1860 Benjamin Tyler Henry, wanda ke aiki a ƙarƙashin attajirin nan Oliver Winchester a garin New Haven, ya yi rajistar wata bindiga mai liba. Tana da bututu na biyu a ƙarƙashin na harbi, wanda ke cin harsashi 15 jere da juna. A lokacin da sojan Yaƙin Basasar Amurka ke fama ya yi harbi uku a minti guda da bindigar ɗuri, mai riƙe da Henry yana iya zazzage nasa duka kafin a farga. A 1866 aka fito da gyararriyarta mai ƙofar ɗuri a gefe, wadda ita ce ta fara ɗaukar sunan Winchester. Sojojin Daular Usmaniyya sun yi amfani da ita a kan na Rasha a yaƙin Plevna na 1877.

Amma fa harsashin bindigogin nan biyu yana da wani aibi. Ƙyastunsa a cikin leɓen gindin kwanso aka zuba shi, kewaye. In allurar bindiga ta daki leɓen sai ya lotsa, sinadarin ya ƙone, kwanson kuma ya tashi daga aiki. Ba yadda mutum zai yi a daji ya sake zuba sinadari a cikin leɓen nan. Wanda ya sayi bindigar Henry ya ɗaura wa kansa igiya ke nan, bakinta ɗaya yana New Haven. Ga manomi ko makiyayin da ke zaune ɗaruruwan mil daga tashar jirgin ƙasa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ranar da kwalin harsashinsa ya ƙare, bindigarsa ta koma sanda, alhali maƙwabcinsa mai tsohuwar bindigar ɗuri yana nan yana harbi.

4.0 Harsashin .44-40

Maganin matsalar ya zo ne daga mayar da ƙyastu tsakiyar gindin kwanso, a cikin wani ɗan ƙoƙo da ake iya cirewa a sa sabo. Mutum biyu suka fito da tsarin da ya wanzu, dukansu a 1866: Hiram Berdan Ba'amurke, da Edward Boxer Ba'ingile. Abin mamaki shi ne, tsarin Ba'amurken ya fi karɓuwa a Turai, na Ba'ingilen kuwa a Amurka. Kwanson Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiya, saboda haka da ɗan tsinken ƙarfe ake tunkuɗo tsohon ƙyastu waje. Wannan ɗan rami shi ne ginshiƙin duk sana'ar da ake magana a kanta.

A 1873 kamfanin Winchester ya fito da sabuwar bindiga da sabon harsashi mai ƙyastu a tsakiya da kwanson tagulla. Kamfanin ya kira harsashin .44 WCF, amma abokan gasarsa, da yake ba su son buga sunan Winchester a kan kayansu, sai suka kira shi .44-40, sunan kuwa ya bi shi. Lambar farko kaurin bututu ce, watau kimanin kashi 44 cikin ɗari na inci. Ta biyu kuwa nauyin albarushi ce, giren 40. Giren ma'auni ne ƙarami, 7,000 ke yin laba ɗaya. Ƙwayar kuwa giren 200 ce, kimanin giram 13, tana fita da gudun da ya ɗan haura ƙafa 1,200 a daƙiƙa. In an yi lissafi, laba ɗaya ta dalma tana ba da ƙwaya 35, laba ɗaya ta albarushi kuma tana cika kwanso 175.

Wajen 1878 kamfanin Colt ya fara ƙera ƙaramar bindigarsa ta hannu don ta ci wannan harsashi. Daga nan mutum yana iya rataya doguwa a sirdi, ya soke gajeriya a ɗamara, ya ciyar da su da harsashi iri ɗaya daga mazubi ɗaya. An ƙera bindigar 1873 fiye da 700,000 kafin a daina a farkon shekarun 1920.

Siffar ƙwayar .44-40 ma abin nazari ce, don kowane sashe nata amsa ce ga wata matsala. Kanta a baje yake, ba tsini, domin a cikin bututun ajiya kan kowane harsashi yana tokare da ƙyastun na gabansa. In da tsini, girgizar harbi tana iya tayar da su a ciki. Jikinta yana da tsagi da ake cikawa da kakin zuma da kitse, saboda baƙin albarushi in ya ƙone fiye da rabinsa toka yake zama, maiƙon nan ne ke hana tokar ƙeƙashewa a bututu. Bakin kwanson kuma ana lanƙwasa shi ya kama ƙwayar, don kada matsin sifirin ɗin bututun ajiya ya tura ta ciki. Taushin dalmar ma yana da amfani: bugun farko na albarushi yana sa gindin ƙwayar ya kumbura, ya cika zanen murɗiya da ke cikin bututu, har ta fita tana juyi kamar katantanwa, ta miƙe sak.

5.0 Masana'anta a Cikin Jakar Sirdi

Kamfanin Winchester ya gane cewa bindigarsa ba za ta sayu a nesa ba sai mai saye ya tabbata zai iya ciyar da ita. Saboda haka tun a shekarun 1870 ya shiga sayar da mazubai da kayan cika kwanso. Amma wanda sunansa ya fi fita a wannan fanni shi ne John H. Barlow, tsohon ma'aikacin Winchester, wanda ya kafa kamfanin Ideal a New Haven a 1884. Abin da ya ƙera ya yi kama da babban awartaki. A bakinsa akwai mazubi, a jikinsa kuma akwai wurin sa ƙyastu, da ramin daidaita kaurin ƙwaya, da wanda ake zaunar da ita a kwanso. Duka yana shiga jakar sirdi.

Aikin kansa na dare ne, a bakin wuta. Akan fara da wanke kwanso da ruwan zafi, domin tokar albarushi tana jan laima ta ci tagulla. Akan narka dalma a ɗan kasko, a jefa ɗan kitse don datti ya taso a kwashe. Waɗanda suka ƙware sukan ƙara kuza kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin ashirin ko talatin, don ta sa narkakkiyar dalma ta shiga kowane lungu na mazubi, ta kuma ɗan ƙara mata tauri. Ƙwayoyin farko a yamutse suke fitowa har sai mazubi ya ɗauki zafi, sai a mayar da su kasko. Daga nan sai shafa maiƙo, da awon albarushi da ɗan ƙoƙon awo, da zaunar da ƙwaya. Kwanso ɗaya yakan yi zagaye da yawa kafin bakinsa ya tsage.

Barlow ya haɗa da buga wani ɗan littafin jagora da yake sabuntawa lokaci lokaci, inda masu zubi ke aiko da abin da suka gwada, har wasu su zana sabuwar siffar ƙwaya a yi mata mazubi. Ta haka ilmin da ke yawo a baka tsakanin maharba ya shiga rubutu.

Sai dai ya kamata a lura cewa 'yancin nan ragagge ne. Dalma ana samunta ko'ina, albarushi ma kowane kanti yana da shi. Amma ƙyastu da kwanso sai masana'anta. Abin da ya sauya shi ne nauyin dogaron: ƙyastu dubu suna shiga aljihu, harsashi dubu kuwa sai an ɗora wa alfadari. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

6.0 Harsashi a Matsayin Linzami

Hukumomi ba su daɗe ba suka gane cewa wanda ya riƙe harsashi ya riƙe bindiga. A ranar 25 ga Yuni 1876 mayaƙan Lakota da Cheyenne suka hallaka George Custer da dukan sojojin da ke tare da shi a bakin kogin Little Bighorn. Sojojin suna ɗauke ne da bindigar Springfield mai cin harsashi ɗai-ɗai, wadda rundunar Amurka ta zaɓa a 1873. Bayan wata gobarar daji ta share filin a 1983, masu binciken kayan tarihi, cikinsu har da Douglas Scott da Richard Fox, suka tono kwansuna suka yi nazarin tabon da allurar kowace bindiga ta bari. Binciken ya tabbatar da cewa 'yan asalin ƙasar sun zo da gomman bindigogin Henry da Winchester.

Martanin gwamnati a kan harsashi ya sauka. A watan Agusta na shekarar Majalisar Dokoki ta ba shugaban ƙasa ikon hana harsashin kwanso isa ga ƙabilun da ake yaƙa, a watan Nuwamba kuma Shugaba Grant ya ba da umarnin hana sayar da shi a yankunansu. Irin wannan tunani ne ya bayyana a Yarjejeniyar Birasels ta 1890, inda ƙasashen Turai suka taƙaita shigar da bindigogin zamani da harsasansu cikin wani faffaɗan yanki na Afirka, daga digiri 20 arewa zuwa 22 kudu, wanda ƙasar Hausa ke cikinsa, amma suka bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa.

A nan ya dace a gyara wani zato. Kirarin da ake yi wa Winchester ta 1873, cewa ita ta ci yammacin Amurka, daga baya masu talla da masu shirya fim suka yayata shi. Ɓaunan Amurka, waɗanda yawansu ya kai miliyoyi amma suka koma 'yan ɗaruruwa a daji kafin 1890, manyan bindigogi masu harsashi ɗai-ɗai irin su Sharps ne suka fi kashe su. Masu wannan farauta su ma da kansu suke zubi a sansani, da buhunan dalma. Watau sana'ar da ta ba manomi kwanciyar rai ita ce kuma ta sauƙaƙa ƙarar da dabbar da rayuwar ƙabilun filayen nan ta rataya a kanta.

7.0 Albarushi Marar Hayaƙi

A 1884 Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa. Shekara biyu kafin nan Eduard Rubin na Suwizalan ya fito da ƙwaya mai rigar ƙarfe a kan dalma. Abubuwan nan biyu sun haɗu a bindigar Winchester ta 1894, wadda John Moses Browning ya tsara, sa'ad da aka yi mata harsashin .30 WCF a 1895, wanda aka fi sani da .30-30. Ƙwayarsa giren 160 ce, mai riga, gudunta kuma ya kusa ƙafa 2,000 a daƙiƙa. An ƙera wannan bindiga fiye da miliyan bakwai.

Ga mai zubi, wannan ci gaba koma baya ne. Tsurar dalma ba ta jure irin wannan gudu: zafin iskar yana cin gefen gindinta, ta shafe bututu, harbi ya watse. Sabon albarushin kuma ba ya yafe kuskuren awo kamar tsohon. Daɗin daɗawa, ƙyastun zamanin yana ɗauke da zaiba. Tokar baƙin albarushi takan shanye yawancinta, amma da tokar ta kau sai zaibar ta shiga cin tagulla, kwanso ya riƙa tsagewa. Kamfanonin harsashi suka shiga gargaɗin mutane su bar sake cika kwanso, Winchester kuma ya daina sayar da kayan aikin a wajejen Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sana'ar ba ta mutu ba. Wajen 1906 kamfanin Ideal ya fito da wata 'yar hular jan ƙarfe da ake kifa wa gindin ƙwaya don ta kare ta daga wuta. Da ita, da kuma dalmar da aka ƙara wa tauri, sai ƙwayar zubi ta iya kusantar gudun .30-30. Kamfanin ya koma hannun Marlin a 1910, daga baya Lyman ya saye shi a 1925, ya ci gaba da ƙera mazubai da buga littafin jagorar.

Wajen neman tauri kuwa, masu zubi na ƙarni na 20 sun sami taska a inda ba a zata ba, watau maɗaba'a. Injin Linotype na Ottmar Mergenthaler, wanda ya fara aiki a 1886, yana zuba layin haruffa ne da gamin dalma kashi 84, antimoni 12, kuza 4. An tsara gamin don ya fito da kowace gaɓa ta harafi sarai, ya kuma jure matsi, abin da mai zubin ƙwaya ke nema ke nan. Da gidajen jarida suka bar bugu da narkakken ƙarfe a shekarun 1970 da 1980, tarin haruffansu da yawa a kaskon masu zubi suka ƙare. Wata hanyar kuma ita ce 'yan guntayen dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta.

8.0 Kammalawa

Abin da ya rage na sana'ar yanzu sha'awa ce da gasa. Ƙungiyar masu harbi irin na makiyayan da, mai suna Single Action Shooting Society, wadda aka kafa a 1987, ta shar'anta amfani da ƙwayar dalma a gasarta, wannan kuwa ya farfaɗo da .44-40 bayan ta kusa ɓacewa. Amma ita dalmar ta shiga wani sabon ƙalubale, don an tabbatar guba ce mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman ga yara. A 1991 Amurka ta hana farautar agwagin ruwa da ita. Wata babbar ungulu ta Kalifoniya, wadda a 1987 guda 27 kacal suka rage, tana mutuwa ne in ta ci ɓarɓashin dalma a cikin mushe, saboda haka jihar ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yuli 2019. Masana'antar Winchester ta New Haven ta rufe a 2006, matatar dalma ta Herculaneum a Misuri kuma, wadda ita ce ta ƙarshe mai narka dutsen dalma a ƙasar, ta rufe a ƙarshen 2013.

Daga abin da ya gabata ana iya ganin cewa kowane mataki na ingancin bindiga ya ƙara matsar da iko daga hannun mai harbi zuwa hannun masana'anta da hukuma. Mai bindigar ɗuri kusan komai nasa a hannunsa yake. Mai Henry ba shi da komai. Mai .44-40 ya maido da zubi da awo, ya bar wa masana'anta ƙyastu da kwanso. Mai .30-30 sai da ya yi dabara kafin ya riƙe ko da wannan. Saboda haka mai nazarin tarihin makamai, a Amurka ko a wani wuri, bai kamata ya tsaya ga ƙidayar bindigogin da wata al'umma ta mallaka ba. Sai ya bincika inda take samun harsashi, da abin da take iya yi wa kanta ranar da aka toshe hanyar.